Farautar dila, yanyawa da kura a lokacin hunturu a ƙasar Haɗejiya

Farautar hunturu ita ce farautar da maharba da 'yan farauta suke yi a watannin sanyi da iska, daga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, bayan an gama kawar da amfanin gona. A ƙasar Haɗejiya ta Jihar Jigawa, musamman a Auyo da sauran garuruwan da ke bin gaɓar kogin Haɗejiya, wani ɓangare na wannan farauta ya shafi namun daji masu cin nama, wato dila, yanyawa, kura, muzurun daji, tunku da dage. Akasari ana bin waɗannan dabbobi ne domin kare kaji da awaki da tumaki, ko domin fata da sassan jiki da masu maganin gargajiya suke nema, ko kuma domin nuna jarumta a gayyar farauta.

Sana'ar tsohuwa ce a yankin, kuma dabarunta sun ginu ne a kan sanin iskar hunturu da yadda fadama take bushewa. Amma dajin da aka gaji sana'ar a cikinsa ya sauya. Manyan namun daji irin su zaki da kyarkeci sun ɓace daga yankin, kura ta yi ƙaranci, sauran da suka rage kuwa ƙanana ne waɗanda mafi yawan abincinsu ɓeraye ne da ƙwari. Wannan ya sa batun farautarsu ya shiga cikin maganar noman rani, lafiyar jama'a da dokokin kare namun daji.

Yankin da yanayinsa

Auyo ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 8 da ke Masarautar Haɗejiya. Sauran su ne Haɗejiya, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kiri Kasamma. Kogin Haɗejiya yana samuwa ne daga haɗuwar kogin Kano da kogin Challawa, ya ratsa ƙasar Ringim da Auyo da Haɗejiya, sannan ya rarrabu zuwa rassa da tafkuna a fadamar Haɗejiya da Nguru. A wajen Gashuwa ruwansa yake haɗuwa da na kogin Jama'are, su zama kogin Yobe mai zuba a Tafkin Chadi.

Ƙasar iri biyu ce. Akwai jigawa, wato tudun rairayi, inda ake noman gero da wake da riɗi, kuma daga wannan kalma ce jihar ta samo sunanta lokacin da aka cire ta daga Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991. Akwai kuma fadama mai laka, wadda ruwan kogi yake malalewa a cikinta a watannin Agusta da Satumba. Itatuwan da aka fi gani sun haɗa da kuka, tsamiya, gawo, aduwa, magarya, kanya, goruba da bagaruwa, sai sabara da kalgo a kan tudu.

Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba. Da hunturu iska takan kaɗo daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura mai laushi wadda mafi yawanta take tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Ita ce take kawo hazo, wanda a wasu ranaku ba ya barin mutum ya hangi abin da ya wuce nisan kilomita 1. A Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan sauka zuwa digiri 12 ko 13 kafin asuba, wani lokaci ƙasa da haka, sannan ya haura da rana. Iskar busasshiya ce ƙwarai. Sanyin da yake zuwa da iska mai ratsa jiki shi ake kira jaura.

Abin da ya sa hunturu ya zama lokacin farauta

Dalili na farko shi ne aikin gona ya ƙare. An yanke gero da dawa, an kai dammuna rumbu, manomin tudu ya samu sarari. Dalili na biyu shi ne daji ya buɗe: ciyawa ta bushe, kara ya kwanta, ganye ya zube, ana iya hangen dabba daga nesa, kare kuma yana iya bin ta a guje. A al'ada ba a fita gayyar farauta sai an kwashe amfanin gona, don kada mutane da karnuka su tattake shuka.

Dalili na uku ya shafi fadama. Idan ruwa ya fara janyewa, kududdufai sukan ƙafe ɗaya bayan ɗaya, kifi ya maƙale a cikin taɓo, kwaɗi da ɓeraye su taru a inda damshi ya rage. A daidai wannan lokaci tsuntsayen ruwa masu ƙaura daga Turai da Asiya suke sauka a tafkunan yankin. Fulani makiyaya ma sukan gangaro da shanu da tumaki domin ɗanyar ciyawa da ruwa. Abinci ya taru a wuri ɗaya, saboda haka dila da kura da tunku su ma nan suke nufa. Haɗuwar mutum da namun daji masu cin nama ta fi yawa a wannan lokaci, kuma a nan ne ƙorafin cin kaji da 'yan awaki yake ƙaruwa.

Dabbobin da ake farauta

Dila. Sunan ya haɗa dabbobi biyu masu kama da juna. Na farko shi ne dila mai launin rairayi (Canis lupaster), wanda nauyinsa yake tsakanin kilo 7 zuwa 15, ya fi son fili da busasshiyar ƙasa. An daɗe ana ɗaukarsa jinsi ɗaya da dilan Asiya da Turai, sai a 2015 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa jinsi ne daban, wanda ya fi kusanci da kyarkecin ƙasashen sanyi. Na biyu shi ne dila mai zane a gefen ciki da farin bakin wutsiya (Lupulella adusta), wanda ya fi son wuri mai damshi da duhuwa. Dila yana cin ɓeraye, zomaye, ƙadangaru, fara, mushe da 'ya'yan itatuwa irin su magarya da kanya. Yakan ɗauki kaza ko zabo, yakan kama ɗan akuya sabon haihuwa, masu noman kankana ma suna kuka da shi. Mace da namiji sukan zauna tare shekara da shekaru, kuma cikin macen kwana 63 ne ko kusa da haka.

Yanyawa. Ƙaramar dabba ce mai manyan kunnuwa da doguwar wutsiya mai baƙin baki (Vulpes pallida). Nauyinta kilo 2 zuwa 3 da rabi ne. Tana zaune a yankin Sahel tun daga Senegal har Sudan, kuma arewacin Najeriya yana cikin mazauninta. A jigawa take haƙa rami, mai zurfin mita 2 zuwa 3, tsawonsa kuma yakan kai mita 15, da ƙofofi da dama. Da rana tana cikin rami, sai dare take fita. Abincinta ɓeraye ne da ƙwari da ƙwan tsuntsaye da 'ya'yan itatuwa, kuma tana iya daɗewa ba ta sha ruwa ba. Idan raminta yana kusa da ƙauye takan shiga akurki. A can arewa cikin hamadar Nijar akwai wata 'yar'uwarta wadda ta fi ta ƙanƙanta (Vulpes zerda), ita ma yanyawa ake ce mata.

Kura. Iri biyu ne. Akwai kura mai dabbare-dabbare (Crocuta crocuta), wadda takan haura kilo 50, macen ta fi namijin girma, kuma ita ce mai kukan da ake ji da dare. Akwai kuma sayaki, wato kura mai zane (Hyaena hyaena), wadda ba ta kai ta farko girma ba, ta fi yawo ita kaɗai, ta fi dogara ga mushe. Kura ce kaɗai a cikin waɗannan dabbobi take iya kashe jaki ko maraƙi. A yau ganinta a ƙasar Haɗejiya ya yi wuya.

Ƙananan namun daji. Muzurun daji (Felis lybica) shi ne kakan kyanwar gida, yana cin ɓeraye da tsuntsaye. Tunku yana zama kusa da ruwa da cikin duhuwa, yana cin ƙwai da kaji, yana kuma kashe macizai. Tunkun jibda (Civettictis civetta) ana nemansa saboda wani maiƙo mai ƙamshi da yake fitarwa, wanda ake haɗa turare da shi. Dage (Mellivora capensis) ƙarami ne amma mai taurin fata da zafin rai, masu amya ne suka fi jin jiki da shi domin yana fasa ta ya sha zuma. Bodari kuwa warin da yake fesawa ya sa karnuka ma suke ja da baya.

Maharba da tsarinsu

Farauta tana cikin labarin kafuwar garuruwa da yawa na ƙasar Hausa. Labarin baka na Haɗejiya yana cewa wani maharbi mai suna Haɗe da matarsa Jiya ne suka fara zama a wurin, kuma daga sunayensu garin ya samu suna. Auyo kuwa tana cikin tsofaffin masarautun yankin da suke ƙarƙashin ikon Borno kafin jihadin farkon ƙarni na 19, kuma mutanenta suna da harshensu, Auyakanci, wanda yanzu ya ɓace. Hausawa, Fulani, Mangawa da Badawa duk suna zaune a masarautar, kowannensu da nasa gadon sanin daji.

Hausawa suna bambanta maharbi da ɗan farauta. Maharbi shi ne wanda harbi ya zama sana'arsa, yawanci gado ne, yana fita shi kaɗai ko da ɗansa, da baka da kwari ko da bindiga, kuma sau da yawa yana haɗawa da ba da magani, domin ya san saiwa da sassaƙe. Ɗan farauta kuwa manomi ne ko mai wata sana'a da yake shiga gayya da rani, da karnukansa da gorarsa. Shugaban maharba shi ne Sarkin Baka, na 'yan farauta kuma Sarkin Dawa, kodayake a wasu garuruwa mutum ɗaya ne yake riƙe da aikin biyu. Shi ne yake sanya ranar fita, ya sanar da dagaci ko hakimi, ya raba gardama idan mutum biyu suka yi jayayya a kan nama. 'Yan tauri suna da alaƙa ta kusa da gayyar farauta, kuma kiɗan gangi da kirari su ne suke tara jama'a, su zuga maza.

Akwai kuma gardawa masu wasa da kura. Su da rai suke kama ta, galibi tana ƙarama, su sa mata takunkumi da sarƙa, su riƙa yawo da ita kasuwa-kasuwa suna wasa suna sayar da magani. Daga nan aka samu karin maganar nan, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hotunan da Pieter Hugo, ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauka na irin waɗannan gardawa a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 sun sa duniya ta san da su.

Dabarun farauta

Sanin iska. Dila da yanyawa da kura sun fi dogara ga hanci da kunne. Da yake iskar hunturu kusan kullum daga arewa maso gabas take kaɗowa, maharbi yakan zagaya ya ɓullo ta kudu maso yamma, ya fuskanci iska, don ta kwashe warinsa ta yi baya da shi. Idan yana shakka sai ya ɗebi toka ko ƙura ya saki, ya ga inda ta nufa. Iska mai ƙarfi tana rufe ƙarar takunsa a kan busasshen ganye, amma tana sa dabba ta ƙi fitowa fili, ta laɓe a bayan suri ko cikin kwazazzabo ko gindin sabara. Saboda haka a ranar jaura ɓangaren da iska ba ta bugu maharbi yake dubawa. Hazo yana taimakonsa ya matso kusa, amma shi ma yana hana shi hange.

Bin sawu. Lakar fadama da ta fara bushewa tana riƙe sawu sarai. Sawun dila kamar na kare yake, da alamar farce, sai dai ya fi tsukewa. Na yanyawa ƙarami ne ƙwarai. Na muzurun daji zagayayye ne, ba alamar farce, domin yana janye faratansa idan yana tafiya. Na kura babba ne, kuma na ƙafar gaba ya fi na baya girma. Kashin kura idan ya bushe fari yake zama saboda ƙashin da take taunewa. A kan jigawa dole a bi sawu da sassafe, domin da hantsi ya yi iska ta tashi, rairayi yake shafe shi. Busasshiyar iska ma ba ta riƙe wari, shi ya sa karnuka suka fi bin dabba da asuba ko a wuri mai damshi.

Gayya. A gayyar farauta mutane da dama ne suke jeruwa, su shiga daji da karnuka, suna dukan ciyawa suna ihu, duk abin da ya tashi a bi shi. Abin da aka fi samu shi ne zomo, gafiya, kurege, damo, makwarwa da zabon daji. Dila da yanyawa tsautsayi ne yake jefa su cikin wannan zobe. A ƙa'idar da aka gada, wanda ya fara jifa ya samu, ko wanda karensa ya fara kamawa, shi ne mai nama, kuma saɓa wannan ƙa'ida shi ne tushen yawancin faɗan da ake yi a dawa.

Kwanto. Idan dila ko kura ta saba da wani garke, maharbi yakan yi mata kwanto da dare kusa da mushe ko mashaya, ya zauna inda iska ba za ta kai warinsa ba. A da farin wata ake jira. Yanzu ana ɗaura tocila a goshi, haskenta ya faɗa idon dabba ya ƙyalla. Wannan aiki na haƙuri ne, domin ba a hura wuta, ba a tari, ga kuma sanyin tsakar dare.

Tarko da rami. Ana ɗana tarkon ƙarfe ko zarge na waya a hanyar da dabba take bi, ko a ƙofar akurki. Tunkun jibda yana da ɗabi'ar yin kashi a wuri ɗaya kullum, don haka nan ake ɗana masa. Yanyawa kuwa ramin ake tona mata, ko a toshe ƙofofi a bar ɗaya, a tura hayaƙi. Tarko ba ya zaɓe: yana kama karen gida, akuya, har da ƙafar yaro mai kiwo.

Kayan aiki

Kayan ɗan farauta su ne gora, ƙere na jifa, adda, barandami da wuƙa. Maharbin da yana amfani da baka da kibiya mai dafi, wanda ake dafawa daga 'ya'yan kwankwani. Daga baya bindigar toka ta yaɗu, wadda ake ɗura mata albarushi ta baki, kuma bushewar hunturu tana yi mata daɗi domin albarushi ba ya jiƙa. Burtu, wato kan tsuntsun nan da maharbi yake ɗaurawa a goshi ya sunkuya yana tafiya kamar tsuntsu, na barewa ne da tsuntsaye, ba ya ruɗin dabbar da take aiki da hanci. Sutura ita ce walki, riga mai launin ƙasa, da layu da guraye. Karen farauta siriri ne mai dogayen ƙafafu, kuma nagari yana da tsada a wurin masu sana'ar.

A addini da al'ada

Musulunci ya halatta farauta da horarren kare idan an ambaci sunan Allah, kamar yadda ya zo a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a makarantun zaure, ya karhanta farautar da ake yi don wasa kawai, ya halatta wadda ake yi don buƙata. Game da cin naman dabbobi masu fiƙa, abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Khalil, shi ne makaruhi ne, wasu malaman mazhabar kuma sun haramta shi saboda hadisin da ke cikin Muwaɗɗa. Hanafiyya sun haramta, Shafi'iyya kuma sun halatta kura da yanyawa. Risala ta yarda a yi amfani da fatunsu, a kuma sayar, idan an yanka su. A aikace yawancin mutanen yankin ba sa cin naman dila da kura.

A tatsuniya dila shi ne malamin daji, mai wayo da iya shari'a, kura kuwa ita ce mai kwaɗayi da tsoro, wadda kullum ake yi wa dabara. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara ya buga tsakanin 1911 da 1913 suna cike da su biyun. Karin magana ma haka: ba a ba kura ajiyar nama. Wannan suna da aka yi musu yana cikin abin da ya sa ake kashe su ko ba su yi ɓarna ba.

Doka da wuraren kariya

Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, wadda jihohin da aka ƙirƙira daga baya suka gada, ta kasa dabbobi gida-gida, wasu an hana farautarsu baki ɗaya, wasu sai da lasisi. Dokar tarayya mai lamba 11 ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta shafi dabbobin da ke fuskantar ƙarewa da cinikinsu. A ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, kwamishinan 'yan sanda na jiha yana iya hana riƙe ko da bindigar toka ce ba tare da lasisi ba.

Babban wurin kariya a masarautar shi ne dajin Baturiya a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma. A 2008 aka sa shi cikin jerin fadamu masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, da faɗin hekta 101,095. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mai da shi gandun daji na ƙasa, tare da wasu dazuka 9, ciki har da Falgore a Jihar Kano. A gabas, cikin Jihar Yobe, akwai mafakar tsuntsaye ta Dagona, wadda take cikin gandun daji na ƙasa na yankin Tafkin Chadi. Farauta a cikin irin waɗannan wurare ba tare da izini ba laifi ne.

Illoli da haɗura

Gobarar daji ita ce babbar illa. Wasu 'yan farauta sukan cinna wa ciyawa wuta don su koro dabbobi, kuma a iskar hunturu wuta ba ta da linzami. Takan cinye harawa da karan da makiyaya suke dogara da su, ta ƙone ƙananan itatuwa, wani lokaci ta kai ga rumbuna da bukkoki. Wani ɓangare na saɓanin da ake samu tsakanin 'yan farauta da makiyaya da manoman rani daga nan yake tasowa.

Guba ita ce ta biyu. Idan aka barbaɗa maganin ƙwari na gona a jikin mushe don kashe dila ko kura, duk abin da ya ci sai ya mutu, har da karnukan gari da ungulu. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa ungulun da aka saba gani a kasuwanni da mahauta cikin jerin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa, kuma guba tana cikin dalilan.

Ta uku ita ce yaɗuwar ɓeraye. Gonakin shinkafa da alkama na rani suna tara ɓeraye, waɗanda suke yanke shuka, su huda gaɓar kwalbatin ruwa, su shiga rumbu. Dila, yanyawa, muzurun daji da tunku suna cikin manyan masu rage su, tare da mujiya da macizai. Inda aka ƙarar da waɗannan, manomi ne yake biyan kuɗin maganin ɓera. Akwai kuma batun lafiya: zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, wani nau'in ɓera ne yake ɗauke da shi, kuma a watannin rani ya fi yaɗuwa.

Ga maharbi kansa, cizo shi ne abin tsoro. Dila da kura suna iya ɗaukar ciwon haukan kare, kodayake Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga karnuka suke samunsa. Shawarar hukumar ita ce a wanke wurin cizon da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a garzaya asibiti a yi allura, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana, kusan babu mai tashi. Yi wa karnukan farauta rigakafi yana kare mai su da iyalinsa.

Sauye-sauyen zamani

Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya yadda kogin Haɗejiya yake cika da janyewa. Ruwan da yake gudana duk shekara ya ba ciyawar kachala damar mamaye rassan kogin, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar ɓeraye da jan-baki. Aikin noman rani na kwarin Haɗejiya, wanda yake a ƙasar Auyo ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, ya mai da dubban hekta gonaki masu aiki rani da damina. Yawan jama'a da saran itace sun rage duhuwar da kura take fakewa. Zaki kuwa a duk Najeriya bai rage ba sai a Yankari da gandun dajin Tafkin Kainji.

Da nama ya yi ƙaranci a gida, 'yan farautar Jigawa da Kano sukan yi ayari a mota su tafi dazukan Bauchi, Taraba, Neja, har kudancin ƙasar. Tafiyar tana da haɗari: a watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 'yan arewa a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyar komawa Kano. Wasu kuma sun karkata ga aikin sa-kai na tsaro, kamar yadda maharban Adamawa suka taimaka wa sojoji a yaƙi da Boko Haram a 2014.

A wajen masu kiwo, hanyoyin kariya da ba su buƙatar kisa sun daɗe a hannun jama'a: rufe akurki da faɗuwar rana, shinge na ƙaya a garke, ajiye kare, tsare awaki masu sabuwar haihuwa a gida, da binne mushe don kada ya jawo dila da kura kusa da gari.

A wasu ƙasashe

A ƙasashen da ake ƙanƙara, gashin yanyawa yana yin kauri da sanyi, shi ya sa a Rasha, Kanada da Amurka ake farautar jar yanyawa (Vulpes vulpes) a wannan lokaci domin fatarta. A Kazakistan da yammacin Mongoliya da horarriyar mikiya ake kama ta a kan doki. A Ingila farautarta da dawaki da garken karnuka wasan masu hali ne na ɗaruruwan shekaru, har aka hana shi da dokar 2004, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2005, bayan Sikotilan ta riga ta hana a 2002. Yanyawar Sahel ba ta yin irin wannan gashi, saboda haka fatarta ba ta taɓa zama hajar fatauci ba, kuma farautarta a ƙasar Haɗejiya ta tsaya ne a kan kare dabbobin gida da al'adar gayya.

Duba kuma

Auyo
Masarautar Haɗejiya
Fadamar Haɗejiya da Nguru
Dajin Baturiya
Hunturu
'Yan tauri